Saverio Mai Ido

Ranar da Nicla ta karanta takardar makarantar Milan a teburin abinci, ubanta bai bari ta kai ƙarshe ba. Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, aikin nan a gidansa ya faɗo.

Ni ce Titina, yayar uwar yarinyar. Gidanmu ɗaya a Molfetta: shagon kofi na Oronzo a ƙasa, ni a bene na farko, su a na biyu, Signora Addolorata a can sama. Duk Lahadi tare muke cin abincin rana, don haka a gabana aka yi komai.

Makarantar ta koyon wasan kwaikwayo ce, irin wanda ake haɗawa da waƙa da rawa. Mutum ashirin suke ɗauka a shekara, masu nema kuwa sun haura ɗari huɗu. Kafin a kira kowa Milan, sai ya aika bidiyo uku daga gida, na waƙa, na ɗan jawabi, da na rawa. Sun ce a tsaya gaban farin bango, a kafe waya wuri ɗaya, kada a yanka kada a haɗa, a kuma aika kafin sha biyun ranar Juma'a. Shekarar Nicla goma sha tara. Bara ta nema ba ta samu ba, kuma sun yi alkawari da uwarta Graziella cewa in bana ma ba a dace ba, za ta haƙura ta kama aiki a ofishin inshorar wani ɗan'uwanmu. Yarinyar da tun tana 'yar shekara shida take rera waƙa a coci, a ce ta ƙare tana buga hatimi a takardun motocin da suka yi karo.

Saverio Losito, mijin ƙanwata, mai duba tikiti ne a bas. Sai dai shekara talatin da suka wuce ya yi kwana uku a Roma wurin da ake ɗaukar wani fim, kuma tun daga nan bai dawo daidai ba. A cewarsa, babban daraktan da kansa ya dube shi ya ce, "Saverio, kana da ido." Babu wanda bai ji labarin nan ba a layinmu. Har fasinjojin da ya kama ba tikiti sai sun saurara kafin ya sallame su.

Ya ce zai haɗa wa 'yarsa fim da fitilu da hayaƙi da kyamara mai tafiya, abin da malaman Milan za su miƙe tsaye su tafa masa.

Nicla ta ce, "Papa, farin bango suka ce."

"Tarko ne. Mutum ɗari huɗu za su aika farin bango. Malaman nan su gaji da kallon bango, sai ga naki ya faɗo, fim sosai. Wa za su tuna?"

"Wadda ba ta iya karatu ba."

Ko a jikinsa. Ya tashi ya ɗauko wata baƙar hula da dogon mayafin wuya, ga shi ana zafin watan Mayu. Ya cire gilashinsa na gani ya jefa a aljihun tebur, wai babu daraktan da ke sa gilashin masu duba tikiti. Graziella ta ja 'yarta gefe ta roƙe ta ta bar shi zuwa Laraba, tun da abin ya faranta masa rai. Nicla na son ubanta, sai ta yarda.

Kafin la'asar ya kwashe kayan falo kaf ya jibge a matakalar bene. Kujeru, kabad, tebur, har da agogon bangon marigayiya uwarmu. Signora Addolorata ta sauko za ta coci, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu da sandarta, ta tarar da doguwar kujera ta tare hanya. Saverio ya leƙo ya ba ta haƙuri, ya ce ana ɗaukar fim, ta ɗan ɗaga ƙafa ta tsallake. Ta ce masa rabon da ta ɗaga ƙafa haka tun mijinta na da rai, kuma ko shi bai isa ya ba ta umarni ba. A ƙarshe ni da Graziella muka ciccibe ta muka tsallakar, tana tsine masa tun daga bene na biyu har bakin titi.

Sai ga Cataldo, abokinsa tun na yarinta, masunci, ya shigo da fitilu huɗu, irin manyan nan da ake kunnawa a teku don jawo kifi. Ya gaya wa Saverio cewa da janareton jirgi suke aiki, ba da wutar gida ba. Saverio ya ce shi ya san haske, Cataldo ya tsaya ga kifinsa. Ya harhaɗa wayoyi, ya tsayar da Nicla a tsakiyar falo, ya danna. Na ɗan lokaci falon ya yi fari fat, yarinyar ta rufe ido da hannu biyu. Sai muka ji fus, wuta ta ɗauke a gidan gaba ɗaya.

A ƙasa kuwa, maza ashirin ne zaune a shagon Oronzo suna kallon ƙwallo, kuma daidai lokacin aka ba ƙungiyarmu bugun fenariti. Ɗan wasa ya taho da gudu, talabijin ya mutu. Na ji tahowarsu kamar an saki shanu. Abin da ya ceci Saverio ranar nan kabad ɗin da ya tare matakala ne. Ta bayansa ya tsaya yana yi musu bayani cewa mutanen da ba su taɓa fita daga Molfetta ba ba za su gane harkar haske ba.

Oronzo ya ce, "Haske kam ba mu sani ba, Maestro. Amma duhu ka koya mana."

Tun daga ranar kowa ya koma kiransa Maestro, wato gwani, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce.

Litinin ya ɗauki hutun mako guda a wurin aiki, ya shiga neman shiru. Ya manna takarda a kowace ƙofa cewa daga tara zuwa ɗaya an hana wanki da inji, da kiran yara daga taga, da tari mai ƙarfi. Ya tare mai sayar da kayan lambu da ke zagawa da 'yar motarsa da lasifika, ya ce ya canza hanya. Mutumin ya duba ya ga mata sun cika tagogi suna jiran su ga abin da za a yi, sai ya kafa motar daidai ƙasan tagar Saverio, ya ce bai taɓa samun kasuwa irin ta yau ba. Daga nan Maestro ya wuce coci wurin Don Sabino, ya nemi a dakatar da ƙararrawar sha biyu na kwana uku kacal. Faston ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ƙararrawar nan ko lokacin yaƙi ba ta yi shiru ba, amma in Saverio zai yi shiru na kwana uku, zai kai maganar gaban bishop a matsayin mu'ujiza.

Aka fara ɗauka da hasken taga. Ina zaune a kusurwa na riƙe wa Nicla kofin ruwa. Ta buɗe baki ke nan wani kare ya yi haushi a titi, Saverio ya leƙa taga ya daka masa tsawa da muryar da ta ninka ta karen. Aka sake. Ta kai tsakiyar waƙa, ya ce ta ɗaga haɓa. Aka sake. Ta ɗaga, ya ce ta yi kamar zuciyarta ta karye amma tana murmushi. Aka sake. Da ta zo wurin da murya ke hawa sama, wurin da duk waƙar ta dogara a kai, sai muka ji wata murya kamar ta tsohon babur ta bi bayanta. Uban ne, ido a rufe, hannu ɗaya a ƙirji, waya tana kallon silin.

"Papa, kai ne za ka Milan ko ni?"

"Tallafa miki nake yi."

"To sake ni in faɗi."

Sau talatin da ɗaya aka ɗauka tsakanin Litinin da Talata. Da yamma muka zauna muka duba. Wanda babu muryarsa akwai babban yatsansa, wanda babu yatsan an yanke wa yarinyar kai daga wuya. Akwai guda ɗaya da ya yi kyau ƙwarai, sai a daƙiƙar ƙarshe aka ji shi ya ce, "Jinina ce." Nicla ta ce a aika wannan ɗin haka nan, ta gaji. Ya ce sam, ɗakin ne ke da amsa-kuwwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge. Ya kuma kafa doka cewa daga yau babu mai sake ganin komai sai ranar nuni, tun da mutanen gidan nan ba su iya kallon aikin da bai kammala ba.

Saura rawa. Nicla ta yi tata, ƙafarta ko ƙara ba ta yi a ƙasa. Ya ce babu wuta a ciki, ta matsa ya nuna mata. Mutum mai kilo casa'in da biyar ya ja da baya, ya zaburo, ya yi tsalle ya dira. Na ji wani abu ya tarwatse a ƙasa, na sauka da gudu. Fitilar silin ɗina ce, wadda aka ba ni kyauta ranar aurena, ta faɗo a tsakiyar tebur. Na hau na gaya masa. Ya ce ai wannan ya tabbatar da abin da yake faɗa, gidan ya yi wa aikin kaɗan. Gobe a saman rufi za a yi komai, waƙa da jawabi da rawa, ga rana ga teku.

Laraba da safe muka hau. Rufin gidanmu shimfiɗaɗɗe ne, nan muke shanya, kuma ranar nan Signora Addolorata ta cika igiya uku da zannuwan gado da kayan cikinta. Cataldo ya hauro da baron da yake tura kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwa, yana haki, ƙarnin ya riga shi isowa. Wannan ita ce kyamara mai tafiya. Ya kuma zo da kaskon gawayi da buhun ɗanyen ganyen zaitun, na hayaƙi. Nicla ta dubi kayan nan, ta dubi uwarta. Graziella ta ce yau ce Laraba, ta daure.

Aka fara da waƙa, kafin a hura wuta. Saverio ya ɗaga waya, ya kanne ido, ya ƙirga uku, ya lallaɓa allon da yatsa ya ce ta fara. Ban sani ba ko gajiya ce ko haushi, amma ban taɓa jin yarinyar nan ta yi waƙa kamar ranar ba. Matan da ke tagogi suka daina magana. Mai kayan lambu ya kashe lasifikarsa ba wanda ya roƙe shi. Cataldo ya juya baya yana goge ido da hularsa. Shi kansa Maestro, Graziella ta tsaya a bayansa da tsinken gasa nama a hannu, don haka bai ce uffan ba har ta dire. Sau uku ta yi, kowanne ya fi na baya. Jawabin ma haka. Na ce a raina, to, Allah ya rufa asiri.

Sai aka zo rawa. Aka hura gawayi, aka zuba ganye, hayaƙi ya turnuƙe. Saverio ya shiga baro ya zauna, ƙafafu a waje, mayafi na reto, ya ce Cataldo ya zagaya da shi. Nicla na juyi tana tari, su kuma suna bin ta. Ya ce a ƙara sauri. Cataldo ya ce ba ya ganin gabansa. Ya ce darakta ne ke gani, mai turi turi ne nasa. Aka ƙara sauri. Tayar baro ta daki bututun ruwa, baro ya tsaya cak, Maestro bai tsaya ba. Ya tashi sama ya faɗa cikin shanya, igiya biyu suka tsinke, zanin gado ɗaya ya sauka a kan kasko ya kama.

Wuta ba ta yi yawa ba, ni da Graziella mun kusa kashe ta da bokiti. Amma wani a layin baya ya riga ya ga hayaƙi ya kira 'yan kwana-kwana. Suka iso da jiniya, layi ya cika maƙil. Abin da jama'a suka gani daga ƙasa shi ne Saverio ya leƙo ta kan katanga, jiƙe sharkaf, da wani ƙaton farin kamfai rataye a kafaɗarsa, yana ɗaga waya sama yana cewa fim ya tsira. Signora Addolorata na tsaye a tsakiyar taron. Ta gane kayanta, jama'a kuma suka gane daga fuskarta.

Babban jami'in 'yan kwana-kwana ya tambaye shi ko yana da izinin hura wuta a rufi. Saverio ya ce fasaha ba ta neman izini. Jami'in ya rubuta wannan ma a littafinsa, ya ce ya maimaita a hankali don kada ya yi kuskure.

Duk da haka da daddawa ya sauko, ƙirji a gaba. Ya kulle wayar a aljihun tebur ya sa mabuɗi a wuya. Graziella ta yi ta roƙo a duba abin da aka ɗauka, ya ce darakta na gaske tare da jama'a yake kallon fim ɗinsa. Ya zauna ya rubuta katin gayyata da hannu, gobe Alhamis ƙarfe shida a shagon Oronzo, nunin farko, sannan a aika Milan. Na zaci ba mai zuwa. Ashe duk wanda ya ɓata wa rai a makon nan so yake ya ga abin da aka ɓata masa rai dominsa. Kafin shida babu kujera. Don Sabino na gaba, Signora Addolorata na gefensa da sandarta a cinya, har jami'in nan na kwana-kwana ya zo da matarsa.

Saverio ya yi jawabin minti goma sha biyar, rabinsa a kan Roma. Oronzo ya haɗa wayar da talabijin, aka rage fitila.

Abin da ya fara fitowa siminti ne, sai takalmin Saverio. Aka ji muryarsa yana cewa, "Tsaya, ya yi." Hoto ya yi ta lilo, ana ganin ƙasa, ana ganin ƙafar wando. Aka ji ya aiki Nicla ta sha ruwa. Sai ya rage murya, yana magana da Cataldo, ya ce ya dubi tsohuwar can ta sama, da bakin nan nata ai mijinta ba mutuwa ya yi ba, hutu ya tafi. Can aka ga wayar ta ɗago, Nicla ta bayyana ta buɗe baki, ya ƙirga uku, hoto ya yanke.

Na biyu ma da "Tsaya, ya yi" ya fara.

Ni na riga kowa ganewa. Tun dannawar farko da ya yi a rufi ba tare da gilashi ba, yatsansa bai sami wurin ba. Da ya danna don ya tsayar, a lokacin ya kunna. Haka aka yi ta tafiya a juye har ƙarshe. Duk lokacin da yarinya ke waƙa wayar a kashe take, duk lokacin da Maestro ke hutawa tana ɗauka.

Hutun Maestro kuwa da baki yake yin sa. A na biyu ya ce Oronzo sau biyu yake dafa garin kofi ɗaya. A na uku ya ce huɗubar Don Sabino ta fi maganin barci, kuma faston ya san ranar da kowace gwauruwa ke dafa kifi. A na huɗu aka zo kaina, wai kunnena a manne da silin yake kwana, shi ya sa fitilar ta gaji ta faɗo. Duk wanda aka ambata sai shago ya juya ya dube shi, sannan a bushe da dariya, shi kuma ya haɗe rai har a zo kan na kusa da shi.

Saverio ya zabura zai cire wayar. Da yake ba ya gani, sai ya ƙara murya. Oronzo ya sa hannu ɗaya ya riƙe shi ta mayafi.

"Zauna, Maestro. Ranar Lahadi ka hana mu ganin ƙarshen wasa. Wannan sai mun ga ƙarshensa."

A na bakwai aka ji Cataldo na dariya, yana cewa Saverio ya rage cika baki da Roman nan, ai tare suka je. Burodi da cuku aka ɗauke su su riƙa raba wa ma'aikata. A rana ta uku Saverio ya taka waya ya kashe fitilu ana tsakiyar ɗauka, daraktan ya juyo ya ce masa, "Kai, kana da ido kuwa?" aka kore su su biyu. Aka ji Saverio na cewa ya rufe baki, ai kalmomin dai su ne, ɗan ƙarshen kawai ya cire.

Shagon nan kamar zai tsage. Jami'in kwana-kwana ya kifa kai a tebur, Don Sabino na share hawaye da hannun riga. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba, shekara talatin ina jiran ta.

Na takwas ne ya kashe dariyar. Cataldo ya ce yarinyar nan fa tana da murya, ta sa shi kuka. Aka ji Saverio ya ja tsaki.

"'Yar murya ce ta coci, irinta ɗari ne a Milan. In ka ji an ɗauke ta, aikina aka ɗauka."

Nicla na zaune kusa da ni, ta saka rigarta mai kyau don nunin. Ta miƙe a hankali.

"Papa, waƙar tana ina?"

Oronzo ya bi bidiyon ɗaya bayan ɗaya, goma sha huɗu ne, babu waƙa, babu jawabi, babu rawa. Na ƙarshe sama ce kawai da hayaƙi da Maestro na cewa fim ya tsira. Nicla ba ta yi kuka ba. Ta gode wa jama'a da suka zo, ta fita. Graziella ta je gaban mijinta ta miƙa hannu, ta ce ya ba ta mabuɗin gida. A rumfar da Cataldo ke ajiye taru ya kwana.

Juma'a da safe muka share falon. Abu ɗaya mai amfani da ya yi a makon shi ne kwashe kayan, bango ya fito fari tas. Muka ɗora kujera a kan tebur, Nicla ta jingina wayarta da gwangwanin tumatir, ta duba da kyau, ta sake dubawa. Ba mu roƙi kowa komai ba. Signora Addolorata ce da kanta ta bi layi ƙofa-ƙofa da sandarta, kafin tara ko kare bai isa ya yi tari ba. Oronzo ya kashe injin kofi, masu zuwa aiki suka sha ruwa suka wuce.

Tara da kwata sai ga Saverio, yana ƙarnin kifi, da furanni a hannu da kuma, a cewarsa, 'yan shawarwari biyu uku. Ya tarar da tsohuwar zaune a matakalar farko, sanda a gicciye.

"Signora, gidana zan shiga."

"Ana ɗaukar fim."

"Ni ne uban yarinyar."

"Jiya mun ji. Ka tsaya a waje, kuma kada ka yi tari mai ƙarfi."

A titi ya tsaya, ƙasan taga, tare da sauran jama'a. An ce da ta zo wurin da murya ke hawa ya ja numfashi zai bi, Cataldo ya cusa masa burodi a baki. Waƙa sau biyu ta yi, jawabi sau ɗaya, rawa sau ɗaya. Muryar ta ɗan dushe saboda hayaƙin Laraba, kuma a ganina ba ta kai ta rufi ba, wadda babu mai sake jin ta. Sha ɗaya saura ashirin ta aika.

Mako biyu ba ta yi masa magana ba in ban da ya miƙo gishiri. Ya mayar da gilashinsa, ya koma bas, ya shigo da kayan falo shi kaɗai, ya sayo mini wata fitila mummuna. Na ɗauka ya warke. Sai ga saƙo daga Milan, Nicla na cikin mutum sittin da aka kira su zo a gan su ido da ido. Kafin yamma hula ta dawo kansa. Ya ce dole ya raka ta, akwai abubuwan da sai ɗan sana'a zai iya yi wa malaman nan bayani. Graziella ba ta yi musu ba, ta ce jirgin ƙasan na ƙarfe tara ne. Duk layin ya san na bakwai ne. Ya tambayi Don Sabino ma, faston ya ce shi lokacin ibada kawai ya sani, ya ɗaga ido sama.

Tara da rabi ya dawo daga tasha yana jan akwati. Ya zauna a shagon Oronzo ya ce shi ya canza shawara, gara yarinya ta koyi tsayawa da ƙafarta.

Bayan kwana uku ina shagon da rana wayarsa ta yi ƙara. Nicla ce. Ya ga sunan, da ya ga mutane na kallo sai ya buɗe murya don kowa ya ji. Ta ce an kafe sunaye, tana cikin ashirin. Shago ya ɗauki tafi, Oronzo ya ce kofin kowa kyauta, kuma sabon gari ne. Saverio ya cire gilashi yana goge ido.

Sai Nicla ta ce, "Papa, ɗaya daga cikin malaman ta tambaye ni wa ya ɗauki bidiyona. Ta ce da kowa zai yi irinsa da sun huta."

Ya gyara zama, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Me kika ce mata?"

"Na ce gwangwanin tumatir."

Aka kwashe da dariya har na bakin ƙofa. Ya bari ta lafa, ya gyara mayafi, ya ɗaga yatsa.

"To, wa ya sayo gwangwanin?"

Graziella ce ta sayo, da ni aka je kantin. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ya riga ya juya wurin mai kayan lambu yana yi masa bayanin yadda ake zaɓen gwangwani mai tsayin da ya dace.